Tsaunin da ka hau da bazara ba shi za ka tarar da hunturu ba

Tambaya: Na shiga wata ƙungiyar masu hawan tsauni, na bi su fita da bazara, ban taɓa gazawa ba. Yanzu sun shirya fita ta yini ɗaya a tsakiyar hunturu zuwa wani tsauni da na riga na hau na sauko cikin awa huɗu da 'yan mintuna, tsayinsa bai fi mita 1,000 ba. Sai ga jerin kaya mai tsawo an turo mana, har da gatarin ƙanƙara da ƙarafan takalmi masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashinsa don kama ƙanƙara. An ce a hallara tun da duhu, kuma jagoran ya ce da ƙarfe ɗaya na rana ta yi za a juyo, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Ashe tsoron nan bai yi yawa ba? In tafi ko in haƙura?

Amsa: Ka tafi, ɗan'uwa, amma ka tafi a matsayin sabon shiga, domin a hawan hunturu matsayinka ke nan komai yawan tsaunukan da ka taka da bazara. Jagoranku bai zuzuta komai ba. Cikin sharuɗɗan da ya gindaya, wanda ya fi tsaya maka a rai, wato juyowa da ƙarfe ɗaya, shi ne ma ya fi sauran daraja. Na daɗe ina fita da ƙungiyoyi a irin wannan lokaci, kuma ba kasafai na ga tsauni ya kayar da mutane don rashin ƙarfi ba. Lokaci ne ke fara ƙwace musu, sannan sanyi da duhu su ƙarasa aikin.

Mu yi lissafi da awa huɗun nan taka. A 1892 wani mai hawan tsauni ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: ka ware awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, ka ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. In zagayenku kilomita 14 ne da hawan mita 900, lissafin zai ba ka kusan awa huɗu da minti ashirin, daidai da abin da ka ce ka yi. Sai dai ƙa'idar nan ta ƙasa busasshiya ce, ta mutum mai jini a jika da ba ya hutawa kuma ba ya jiran kowa. Ka zuba dusar ƙanƙara zuwa gwiwa a kan wannan hanyar. Na gaba yana fasa hanya, yana ɗaga ƙafa sama ya nutsa, ya zaro ya sake nutsawa, minti goma ya ishe shi ya jiƙe da gumi sai a canje shi. A irin wannan wurin wanda ya yi kilomita 2 a awa ya yi ƙoƙari, wani lokacin ko ɗaya ba ta samuwa. Jakarka ta fi ta bazara nauyi, takalminka ya fi nauyi, iska tana tura ka baya. Awa huɗun nan sai ta koma bakwai ko takwas ba tare da wani abu ya lalace ba.

To, hasken rana nawa ne a hannunku? A tsaunukan arewacin Sikotland, inda irin wannan fita ta yini ɗaya ta shahara, a ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, ta faɗi kafin ƙarfe huɗu. Bai cika awa bakwai ba, kuma in hadari ya rufe sama, tun ƙarfe uku ido ya fara laluben hanya. Ko ina kake, ka duba lokacin faɗuwar rana na wurin, ka ƙirgo baya. Abin da jagoranku ya yi ke nan: ya ɗauki lokacin da duhu zai shigo, ya cire awa biyu da rabi ko uku na saukowa, ya cire ɗan rara don abin da ba a zata ba, abin da ya rage shi ne ƙarfe ɗaya. Hallara da duhu kuwa hikimarta a fili take. Gara ka kashe duhun asuba a kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar kwari da ƙarfinka cikakke, da ka gamu da duhun magariba a kan gangare ƙafafunka suna rawa.

Dalilin da ya sa ake yanke lokacin tun a gida shi ne ba a amince wa kwanyar mutum a saman tsauni. Ƙarfe ɗaya ta yi, ga ƙololuwa can kana hangenta, saura kamar mita 150 na hawa. Kun tashi tun asuba, kun sha tafiya a mota, wani ya ɗauki hutu daga aiki saboda wannan rana. Nan take kowa zai zama lauya. Wani ya ce minti ashirin ne kacal, wani ya ce ai saukowa ba ta da wuya, muna da tocila. Minti ashirin ɗin kan zama arba'in, a sama a tsaya ɗaukar hoto, kafin a dawo inda aka yi gardamar ƙarfe biyu da kwata ta yi. Hukuncin da aka yanke a zaune, cikin ɗumi, da taswira a gaba, ya fi wanda gajiyayyu za su yanke da kwaɗayin ƙololuwa a idonsu.

Akwai kuma wata ɓarakar lokaci da sabon shiga ba ya gani, kuma ta ƙungiya ce kawai. Ku goma ne. Ɗaya ya tsaya cire riga, minti biyar. An tashi, an yi taku ɗari biyu, wata ta tsaya neman ruwa a ƙasan jakarta. Can kuma wani igiyar takalminsa ta kwance, sai ya cire safar hannu, iska ta ɗauke guda, a bi ta. Kowa ya tsaya sau ɗaya a lokacinsa daban, kusan awa guda ta tafi ba a hau komai ba. Shi ya sa gogaggu ke tsayawa tare su tashi tare. In jagora ya ce minti biyar, cikin minti biyar ɗin nan za ka ƙara riga, ka ci, ka sha, ka gyara takalmi, ka yi fitsari in za ka yi. Abin ci yana aljihu, a yanke shi tun a gida yadda za ka jefa a baki ba ka cire safar hannu ba. Abin da za ka buƙata da wuri yana saman jaka. Wanda ya iya wannan ya fi mini mai ƙarfin da ke zazzage jakarsa a kan ƙanƙara duk lokacin da aka tsaya.

Kuma saurin ƙungiya shi ne saurin na baya. Mummunar ɗabi'ar da nake yaƙi da ita kullum ita ce masu ƙarfi su yi gaba, su tsaya jiran na baya, yana isowa yana haki su ce to mu je. Su sun huta, shi bai huta ba, kuma shi ne ya fi buƙata. Bayan awa uku a haka shi ne zai fara tuntuɓe. Mai rauni wurinsa na biyu ne a layi, bayan jagora, inda hanya ta riga ta fasu kuma ido yana kansa.

Yanzu sanyi. Kada tsayin mita 1,000 ya ruɗe ka. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a kowane mita 1,000 da ka hau, in iskar busasshiya ce har kusan digiri 10. Wurin ajiye mota yana kan digiri 3, sama tana ƙasa da sifiri da uku ko fiye. Iska kuma a sama ta kan ninka ta kwari sau biyu ko uku. Digiri 5 ƙasa da sifiri tare da iska mai gudun kilomita 50 a awa, fatar mutum za ta ji shi kamar 15 ƙasa da sifiri. Ƙarfin turin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: in gudun ya ninka biyu, turin ya ninka huɗu. Daga kilomita 60 a awa tafiya ta fara zama kokawa, kusa da 100 kuwa tana kayar da babban mutum. A saman Cairn Gorm na Sikotland, tsaunin da tsayinsa mita 1,245 ne kacal, an auna iska mai gudun kilomita 278 a awa a watan Maris na 1986.

Amma jiƙa ta fi sanyin kansa kisa. Ruwa yana janye zafin jiki kimanin sau 25 fiye da iska. A watan Maris na 1964, a wata gasar tafiya da ake kira Four Inns a tuddan Peak District na Ingila, tuddan da ba su kai mita 700 ba, samari uku sun mutu saboda ruwa da iska da gajiya. Griffith Pugh, masanin aikin jiki da ya raka tawagar da ta fara hawa Everest a 1953, ya binciki irin tufafin da suka sa, ya nuna cewa in tufa ta jiƙe kuma iska na ratsa ta, kusan duk ɗumin da take riƙewa ya tafi. Mutum zai ci gaba da ɗumama kansa muddin yana tafiya da ƙarfi. Da ya gaji ya rage sauri, wutar jikinsa ta ragu, sanyi ya samu ƙofa. Ka ga yadda zancen ya sake komawa kan lokaci da gajiya.

Saboda haka auduga ba ta zuwa tsauni da hunturu, ko singileti ko wandon jins, don tana shan gumi ta riƙe. Ulu ko yadin roba a jikin fata, rigar ɗumi a kai, sannan rigar da ke tare ruwa da iska. Ka bar mota kana ɗan jin sanyi. Sabon shiga kan jibga duk abin da ya kawo tun a ƙasa, minti ashirin ya yi sharkaf da gumi, ya kai sama da jiƙaƙƙiyar riga. Babbar rigar ɗumi tana cikin jaka, ana tsayawa ka ɗora ta a kan komai, ana tashi ka cire. Safar hannu kuwa biyu ba su yi yawa ba, ni uku nake ɗauka, don ita ce ke fara jiƙewa kuma ita iska ke sacewa.

Ka san alamomin sanyi ya shiga jiki, domin mai shi ba ya ganewa, na kusa da shi ne ke gani. Zafin jikin mutum yana kan digiri 37. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga matsala. Abokin da tun safe yake zuba surutu ya yi tsit. Ka tambaye shi, ya ce lafiya lau, amma maganar tana jan harshe. Ka dube shi yana fama da zif ɗin rigarsa, yatsu sun ƙi kamawa, ya gwada sau uku ya bar ta a buɗe, kuma bai damu ba. Wannan rashin damuwar ita ce ta fi ba ni tsoro. Yana tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe, yana fushi ba dalili. Ka ce ya haɗa babban yatsa da ƙaramin, in ya kasa, hannun ya riga ya tafi. A nan ake tsayawa, ba a gaba ba: a shiga tantin gaggawa, a zaunar da shi a kan jaka ba a kan ƙanƙara ba, a ƙara masa riga, a ba shi abin ci da abin sha mai zafi da zaƙi. Barasa ba ta cikin magani, tana buɗe jijiyoyin fata ne zafi ya ƙara fita. In kuwa karkarwa ta tsaya alhali bai ɗumama ba, hankalinsa yana gushewa, abin ya yi nisa. A kwantar da shi, a taɓa shi a hankali ba jijjiga, a kira masu ceto.

Tantin gaggawar nan, buhu ne babba na yadi mara nauyi da mutum huɗu zuwa takwas za su ja a kansu su zauna a gefensa. Cikin 'yan mintuna numfashi da zafin jiki sun ɗumama shi. Ƙungiyar da ta fita da hunturu ba shi, a wurina ba ta shirya ba.

Akwai labarin da duk mai koyar da hawan hunturu a Birtaniya ya sani. A watan Nuwamba na 1971 ɗaliban wata makaranta daga Edinburgh suka je ƙetare tudun Cairngorm, shimfiɗaɗɗen fili ne a sama da mita 1,000, ba itace ba mafaka. Ba su fara da wuri ba, kuma aka raba su gida biyu. Shirin shi ne in yanayi ya ɓaci a fake a wata 'yar bukka da ke can saman, mai suna Curran. Yanayi ya ɓaci. Rukunin farko ya kai bukkar. Na biyu ya kasa gano ta cikin guguwar ƙanƙara, suka kwana biyu a fili 'yan ɗaruruwan mita daga gare ta. Yara biyar da mataimakiyar jagora 'yar shekara 18 suka rasu. Bayan doguwar muhawara aka rushe bukkar a 1975, bisa hujjar cewa kasancewarta tana jawo mutane su kutsa inda ya kamata su juya. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne shirin ko-ta-kwana da ke ƙara tura ka cikin tsauni ba shiri ba ne. Na ƙwarai shi ne wanda ke sauko da kai.

Abin da ya hana su ganin bukkar shi ne abin da kai ma ba ka taɓa gani da bazara ba. Hanyar da ka bi, da tarin duwatsun da ke nuna ta, da rafin da ka tsallaka, duk suna ƙarƙashin ƙanƙara. In hazo ya sauko a kan farar ƙasa, sama da ƙasa sukan haɗe su zama fari ɗaya. Ba ka sanin ko gabanka hawa ne ko gangare, wasu har jiri suke ji. Mukan dunƙula ƙanƙara mu jefa gaba don mu ga inda za ta faɗi, in ta ɓace ba ta sauka ba, to ba a ƙara taku. Sannan ga leɓen ƙanƙara. Iska tana kwaso dusar ƙanƙara daga gefen da take bugawa ta gina ta a bakin gefen da ke fake, ta miƙo waje kamar baranda marar ginshiƙi, wani lokacin mita da yawa a kan sarari. Daga sama ba ka ganin komai sai fili mai kyau. Kuma in zai karye, ba a bakin yake karyewa ba, can baya yake tsagewa, inda kake zaton kana kan ƙasa.

Ben Nevis, mafi tsayi a Birtaniya da mita 1,345, shi ne misalin da ake koyarwa da shi. Da bazara dubban mutane ke hawansa ta hanyar da ko yaro zai bi. Da hunturu cikin hazo, mai saukowa daga ƙololuwa sai ya saita kamfas a kan digiri 231 ya yi mita 150 daidai, don ya kauce wa bakin ramin Gardyloo da ke damansa, sannan ya juya zuwa digiri 282. In ya juya da wuri ya nufi leɓen ƙanƙarar arewa. In ya zarce ko ya karkata hagu, gangaren zai ja shi zuwa kwazazzabon Five Finger Gully, inda mutane da dama suka halaka. Mita 150 ɗin nan da ƙafa ake auna ta. Kowane mai hawan hunturu ya san taku nawa yake yi a mita 100, yawanci tsakanin 60 da 70 in ana ƙirga ƙafa ɗaya, kuma ya san adadin yana ƙaruwa a cikin ƙanƙara mai zurfi. Waya tana da amfani, ina ɗauke da ita, tana nuna maka inda kake cikin daƙiƙa. Amma sanyi yana shanye batir, allo ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa, don haka tana aljihun ciki kusa da jiki, taswira da kamfas suna hannu. Kada dai ka haɗa kamfas da waya a aljihu ɗaya, ko da safar hannu mai maganaɗisu, domin suna iya juya allurar ta riƙa nuna kudu a matsayin arewa.

Zaftarewar dusar ƙanƙara mutane suna ɗauka sai a manyan tsaunuka irin Alps. Ba haka ba ne. A Glencoe ta Sikotland ta kashe mutum uku a Janairun 2009, ta kashe huɗu a Janairun 2013, a tsaunukan da ba su kai mita 1,200 ba. Yawancinta tana tashi ne a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, wato daidai irin gangaren da mai tafiya ke jin zai iya hawa. Kuma a mafi yawan lokuta wanda ta binne, shi ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita. Iskar da ke gina leɓe ita ce ke danƙare dusar ƙanƙara a gefen da ke fake ta zama faifai mai tauri a kan shimfiɗa mai rauni. In iska ta yini biyu tana busowa daga kudu maso yamma, ka yi hattara da gangaren da ke kallon arewa da gabas, ko da ba a yi sabon zubi ba. Ka taka ka ga tsaga ta ruga gaba daga ƙafarka, ko ka ji ƙasa ta yi wani "wuf" ta ɗan zauna, ko ƙanƙarar tana ɓallewa gunduwa-gunduwa masu kusurwa, tsaunin ya gama yi maka magana.

Ƙasashen Turai suna aiki da ma'aunin haɗari mai hawa biyar tun 1993, Sikotland kuma tana da hukumarta ta hasashen zaftarewa da ke fitar da rahoto kullum a lokacin hunturu. Kada lamba 3 ta yi maka kama da tsaka-tsaki. A Suwizalan kusan rabin waɗanda ke mutuwa a wannan matakin suke mutuwa, saboda a 4 da 5 mutane na zama a gida, a 3 kuwa sai su fita. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yana rayuwa, bayan rabin awa kuwa mafi yawa sun tafi, ka ga ke nan masu ceto daga gari ba za su iso a kan lokaci ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: jagoran kirki yana bin rahoton iska da na ƙanƙara kwanaki kafin fitar, kuma yana da tsauni na biyu a aljihu. In ka zo da safe aka ce an canza wuri, ka gode masa.

Gatari da ƙarafan takalmi, waɗanda ake kira kirampon, ba ado ba ne, amma ɗaukarsu ba tare da iya su ba wani haɗarin ne. Dusar ƙanƙarar da ta narke da rana ta daskare da dare tana zama kamar siminti, wanda ya zame a kanta cikin daƙiƙa kaɗan ya yi gudun da ba zai tsayu ba. Gatari yana hannun da ke wajen tudu, bakinsa mai tsini yana kallon baya, kana soka ƙotarsa kana takawa. In ka zame, ka danna ƙotar nan take kafin gudu ya fara. In ya riga ya fara, ka juya rubda ciki, ka danne tsinin da nauyin ƙirjinka, ka ɗaga ƙafafu sama, domin in haƙoran ƙarfen suka kama ƙasa kana cikin gudu za su wuntsila ka ko su karya maka idon sawu. Wannan ba a koyonsa da karatu. Sai an kai ka gangare mai lafiyayyen ƙarshe ka faɗi da gangan, ta baya, ta gaba, kai ƙasa, har jiki ya haddace. Ƙarafan kuma suna son tafiya da ƙafa a buɗe, in ba haka ba haƙori ya kama ƙafar wando ka kifa. A jiƙaƙƙiyar ƙanƙara sukan tara dunƙule a ƙasa har haƙoran su daina taɓa komai, sai ka riƙa buga gefen takalmin da gatari. Ana ɗaura su ne tun a wuri mai faɗi kafin a buƙace su, ba a tsakiyar gangare da ƙafa ɗaya a sama ba. Kuma ba kowane takalmi ke karɓarsu ba. Ana jera taurin takalma daga B0 zuwa B3, mai laushin da ka sa da bazara B0 ne, yana lanƙwasa ƙarfen ya fice. Takalmi mai tauri ne kaɗai abin da zan ce in ba ka samu ba, ka haƙura da fitar.

Ƙungiya kanta tana da nata tarkon. Wani mai bincike Ba'amurke, Ian McCammon, ya bi diddigin ɗaruruwan haɗurran zaftarewa a Amurka, ya ga mutane masu ilimin abin suna faɗawa saboda dalilan da ba su shafi ƙanƙara ba: sun saba da wurin, sun riga sun ƙudurta sai sun kai, suna bin wanda suke ganin gwani ne ba tambaya, ko ganin wasu a gaba ya ba su ƙarfin gwiwa. Na farkon nan naka ne, tunda ka ce ka taɓa hawa. Cikin mutum goma kowa yana zaton wani ne ke duba taswira. Tun kafuwar Alpine Club a Landan a 1857 da ta Sikotland a 1889, ƙungiyar hawan tsauni taron abokai ce da kowa ke ɗauke da nauyin kansa, ba kamfanin yawon buɗe ido ba, kuma jagoranku mai yiwuwa ɗan sa-kai ne. Don haka ka buɗe taswirarka kai ma, ka san inda kuke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka gaya masa tun yanzu cewa ba ka taɓa riƙe gatari ba, a kan tsauni kuma in yatsun ƙafarka sun daina ji, ko ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka faɗa da ƙarfi. Sau da yawa mutum ɗaya na buɗe baki sai ka ji uku sun ce su ma abin yana ransu.

In abu ya faru, a Turai lambar ita ce 112, a Birtaniya 999 ma tana yi, ka nemi 'yan sanda sannan ka ce masu ceton tsauni. Alamar neman taimako da usur ko tocila ita ce shida a jere, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Amma ka sa a ranka cewa jirgi mai saukar ungulu ba ya shiga hazo da guguwa, masu ceton kuma a wurare da yawa 'yan sa-kai ne da za su baro aikinsu su hau da ƙafa. Awa uku ko huɗu kana zaune a kan ƙanƙara ba abin mamaki ba ne. Jerin kayan da ka ga ya yi tsawo, rabinsa na wannan zaman ne, ba na tafiyar ba.

Kafin ranar, ka ari ko ka yi hayar gatari da ƙarafan, ba sai ka saya ba tukuna. Ka daidaita ƙarafan da takalminka a gida, ka gwada ɗaura su da safar hannu a hannunka har sai ka iya cikin minti biyu ko uku. Ka tambayi jagoran ko za a ware awa guda a koya wa sababbi tsayar da zamiya, in babu, ka nemi kwas na kwana biyu a cibiyar horo, irin Glenmore Lodge da ke kusa da Aviemore ga wanda ke Sikotland. Tocilar goshi da batir na ko-ta-kwana, tabarau mai rufe ido ruf saboda ƙanƙarar da iska ke watsawa, busassun kaya a mota. Ka bar wa wani a gida sunan tsaunin, hanyar da za ku bi, da lokacin da in bai ji ka ba zai kira masu ceto. Kuna saukowa ka kira shi kafin ka cire takalmi, don kada a tayar da mutane su hau nemanka cikin dare kana zaune a mota kana shan shayi.